Yadda 'yan keken tsere za su riƙa ratsa ƙauyuka ba tare da an samu matsala da mutanen gari ba

Duk wanda yake fita da keken tsere ranar Asabar ko Lahadi ya san cikin birnin Kano ba wajen sakin ƙafa ba ne, 'yan a daidaita sahu kaɗai sun isa su hana ka sakat, shi ya sa da an idar da sallar asuba ake haɗuwa a miƙi hanyar waje, wasu su kama hanyar Madobi, wasu ta Gwarzo, masu ƙarfin cinya kuma su yi Kura har su dangana da Tiga in jiki ya yarda. Toh a can ɗin ne muke cin karo da mutanen ƙauye, kuma a can ɗin ne ake fara 'yan ƙananan rigingimun da in ba a yi musu hanzari ba sai ka ga hanya sukutum ta gagari kulob guda. Kuma kada wani ya ce ai rashin wayewar mutanenmu ne, don a 2009 a yankin Perthshire na Sikotilan an watsa ƙananan ƙusoshi a kan titi ranar gasar keke ta Etape Caledonia, tayoyin ɗaruruwan mahaya suka fashe, alhali tun kafin ranar wasu mazauna wurin suna ta ƙorafin ana rufe musu hanya saboda 'yan keke. Can ma da kwalta lafiyayya da komai haka ake fama.

Abinda muke mantawa shi ne mu a wajenmu titin nan filin motsa jiki ne, su kuma a wajensu tsakar gida ne. A gefensa ake shanya masara da rogo da barkono da kauɗar tumatir, ta kansa ake kora awaki, ta nan yara suke tsallakawa makarantar allo, nan mai kosai take kafa kaskonta, in an yi rasuwa ma wani lokacin har kan kwaltar ake shimfiɗa tabarmi. Kuma keke ba baƙon abu ba ne a ƙauye, tsohon da ka gani da Raleigh ko Phoenix ya ɗaure buhu biyu a kariya ya fi ka shekaru a kan sirdi, abinda bai saba da shi ba shi ne mutum ashirin a jere kamar jerin gwano, kai a sunkuye, ido a cikin baƙin gilashi, ba ƙara ba sallama, sai dai ya ji iska ta wuce shi fuuu.

Mu ma sai da muka ɗanɗana kafin muka gane. Wata rana ce da kaka, lokacin girbi, muna tafe a jere mun sako daga wata 'yar gangara, na gaba ya ga shanyar barkono ta ci kusan rabin hannunmu ya kauce, amma na uku da na huɗu da suke manne da tayarsa ba su ga komai ba sai bayan ɗan uwansu, suka bi ta kai, barkono ya watse har cikin yashi. Wata tsohuwa ta miƙe daga gindin darbejiya tana ɗaga hannu tana magana, wallahi ko waiwaye ba mu yi ba, wani ma dariya ya yi. Sati na gaba da muka zo daidai wurin sai ga yara a kan kwalbati kowa da hogensa a hannu, wani ya samu dutse a hular kwano, wani a gwiwar hannu. Ranar kowa cewa yake yaran ƙauyen nan ba su da tarbiyya, sai da wani dattijo a cikinmu ya ce ku dai tuna satin da ya wuce. Da muka koma tsakiyar mako a kan mashin muka nemi mai unguwa ashe tsohuwar nan sai da ta wuni tana tsintar barkonon daga cikin ƙasa, wanda ya haɗu da yashi kuma ɗan kasuwa ya karya masa farashi. Muka ba da haƙuri, muka biya, ta ce ita ba kuɗin ne ya dame ta ba, ko sannu ba wanda ya ce mata. Daga wannan ne muka zauna muka tsara yadda za mu riƙa yi, shi ne zan zayyano a nan.

Farko dai a san hanyar kafin a kai mutane. Duk sabuwar hanyar da ake so a fara bi, mutum biyu su hau mashin su bi ta tun daga farko har inda za a juyo, kuma a daidai lokacin da za a riƙa bin ta, don ƙauyen da ka gani shiru da azahar ba haka yake da ƙarfe bakwai na safe ba. Su rubuta ƙauyuka nawa ne a kan hanyar, ina makarantar firamare take, ina masallacin da sahu yake fitowa har titi, ina burtalin da shanu suke tsallakawa, ina rijiyar burtsatse da mata da yara suke taruwa, ina mutanen gari suka yi tudun rage gudu da kansu, don irin waɗannan na ƙasa da itace ba fenti gare su ba kuma suna kayar da mai siririyar taya nan take. Sai ranar kasuwa, wannan ita ce babba. Danbatta Lahadi take ci, Wudil Juma'a, wasu garuruwan ma sunan kawai ya ishe ka bayani, Larabar Abasawa, Ladin Makole. Ranar kasuwa ba garin da kasuwar take kaɗai ne yake cika ba, duk hanyoyin da suke kaiwa can tun duku-duku cike suke da amalanke da jakai da masu jan akuya da igiya da mashin mai ɗauke da mutum huɗu, saboda haka in hanyarku ta Lahadi ta faɗo a kan kasuwar Lahadi ku canza hanya ko ku canza rana, ba wata dabara. A kuma lura da lokacin shekara. Da damina dabbobi a ɗaure suke saboda shuka, amma gero da dawa sun yi tsawo sun rufe kwana, yaro zai iya fitowa daga gona ba ka gan shi ba. Da kaka shanya ce ko'ina, a wajen Kura da Garun Malam da Bunkure inda ake noman rani da ruwan Tiga kuwa shinkafa da tumatir suna iya kai shanyar har cikin rani. Da an gama girbi an saki dabbobi, nan ne tumaki suke kwanciya a tsakiyar kwalta don ɗumi, ga hazo da hunturu ba ka hango nesa.

Mataki na biyu shi ne a je a yi gaisuwa, kuma wannan ne wanda matasanmu suka fi raina wa, sai su ce titin gwamnati ne me ya haɗa mu da mai gari. Eh titin gwamnati ne, amma ranar da wani ya faɗi ya karye ba gwamnati ce za ta fara zuwa kansa ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ba sai an bi kowane ƙauye ba, a zaɓi waɗanda ake ratsa tsakiyarsu da wanda ake tsayawa hutu, mutum biyu ko uku su je da kayan gida, riga da hula, ba da kayan keke ba, a samu mai unguwa shi zai kai ku wajen dagaci. A cire takalmi, a durƙusa, Allah ya ja da ran mai gari, mun zo gaisuwa ne da kuma neman izini. Sai a yi bayani a gajarce: mu 'yan motsa jiki ne daga birni, cikinmu akwai malaman makaranta akwai 'yan kasuwa akwai ma'aikatan asibiti, muna wucewa ta garinku duk Asabar tsakanin bakwai da takwas, mu kamar goma sha biyar ne, ba siyasa ba ce ba kuma aikin wata ƙungiya ba ne, in yaranmu sun yi wani abin da bai dace ba ga lambar da za a kira. A bar goro ko ɗan abin da ya sauwaƙa, kada a mai da shi kamar kuɗin hanya, don in aka fara haka gobe wasu samari za su ɗaura igiya su ce su ma a ba su nasu.

Akwai dalilin da ya sa wannan gaisuwar ta fi muhimmanci yanzu a kan da, wato halin tsaron da ake ciki. Mutanen da suke kwana da ido ɗaya saboda ɓarayin daji da masu satar mutane, ka zo musu da sassafe ku ashirin fuska a rufe da ƙyalle saboda ƙura, wani da kyamara a goshi, wani yana ta danna waya yana duba taswira, me kake so su ɗauka? Shi ya sa bayan mai gari sai a nemi shugaban 'yan bijilanti na garin a gaisa a yi musayar lamba, in akwai caji ofis a kan hanyar nan ma a leƙa a sanar. In kuma su da kansu suka ce hanyar gaba ba ta da kyau kwanan nan, a ji maganarsu a juya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na uku, shiga. Na san wandon keke an yi shi ne ya kama jiki don kada ya goge cinya kuma akwai soso a cikinsa saboda sirdi, duk mun sani, amma dattijon da yake zaune a ƙofar masallaci ba ruwansa da wannan bayanin, shi dai ya ga ƙato da gemu ya sauko a gabansa da abinda ko a ɗakinsa ba zai zauna da shi ba. Maganin abin mai sauƙi ne, a ɗora wando mai ɗan faɗi wanda ya wuce gwiwa a kan na ciki, ba ya rage gudun da har za ka ji, mu ba Biniam Girmay, gwanin tseren keke ɗan Eritrea, ba ne da za a ce daƙiƙa biyu za ta hana mu nasara. 'Yan uwa mata da suke fita da mu kuwa su sun riga mu gane wannan, doguwar riga mai sauƙi da ɗankwali a ƙarƙashin hular kwano, sai dai a kula kada gefen rigar ya shiga kaca. In an tsaya za a yi magana da mutum a cire gilashi a sauke ƙyallen fuska, ya ga idonka.

Sai hoto da bidiyo, wannan kam ya jawo mana magana fiye da gudu. Kada a ɗauki matan aure a bakin famfo, kada a ɗauki yaran mutane da yagaggun riguna a je a ɗora a TikTok da waƙa a ƙarƙashi, waya ta shiga ko'ina yanzu, ɗan garin da yake gadi a Abuja zai gani ya turo gida kafin ku dawo sati na gaba. In kana son hoto ka tambaya, Baba in ɗauke mu tare? Yawanci ma murna za su yi, ka nuna musu a fuskar wayar.

Na huɗu shi ne tsarin tafiyar kanta, a nan zan ɗan daɗe don nan ne asalin haɗarin yake. Mai keken tsere a kan kilomita 30 a awa yana cin sama da mita 8 a duk daƙiƙa ɗaya, kuma ba shi da ƙarar inji, mutumin ƙauye kuwa da kunne yake tsallaka titi, in bai ji mashin ko mota ba shikenan ya sa ƙafa. Ƙari a kan haka muna tafiya ne a manne da juna don na gaba ya tare wa na baya iska, tsakanin taya da taya bai kai mita ɗaya ba, na baya ba ya ganin ƙasa, ga takalman wasunmu a maƙale suke da feda sai an murɗa dunduniya suke fita, shi ya sa ɗan keken tsere ya tsani tsayawa. Duk wannan yana da kyau a fili inda ba kowa, amma a cikin gari tarko ne. Toh ga yadda muke yi. Kafin a tashi a raba mutane, kada tawaga ɗaya ta wuce goma zuwa sha biyu, in an fi haka a yi kashi biyu da tazarar 'yan mintuna, don direban motar haya da ya biyo ku a baya a siririyar hanya ya samu inda zai wuce ya koma hannunsa, in ba haka ba haushi zai sa ya matse ku zuwa yashi. A sa mai hankali a gaba ba mai ƙarfi ba, a sa wani a can baya wanda ba ya barin kowa. Da na gaba ya hango rufin kwano na farko ko bishiyoyin bakin gari sai ya ɗaga hannu ya ce gari, kowa ya maimaita har baya, a saki feda, a buɗe tazara kamar tsawon keke biyu tsakanin kowa, a koma layi ɗaya, hannu a kan birki, gudu ya sauko zuwa wanda in yaro ya faɗo za ka iya tsayawa cak, wato kusan gudun mai keken gida. Ba a komawa gudu sai an wuce gida na ƙarshe kuma na baya ya ce an fita.

Kowa ya sa ƙararrawa. Na san kekunan nan ba sa zuwa da ita kuma wasu gani suke tana ɓata kwalliya, a wajen masu kayan keke ana samunta, a saya. Amma ƙararrawa ba ta maye gurbin baki, na gaba ya riƙa sallama da ƙarfi, salamu alaikum, sannunku da aiki, ina kwananku Baba, na baya ma su ɗaga hannu. Za ka yi mamakin yadda wannan kaɗai yake sauya fuskar mutane. Kuma masu amfani da Strava, manhajar waya da take auna gudu tana nuna wanda ya fi kowa sauri a kowane yanki na hanya, don Allah a daina neman karya tarihin gudu a yankin da ya ratsa ta cikin gari, in wani ya riga ya zana irin wannan yankin a bar masa kambunsa, ba abin alfahari ba ne a ce kai ne ka fi kowa gudu a ƙofar makarantar firamare.

Shanya kuwa dokarta ɗaya ce, na gaba ya nuna ta da hannu ya faɗa da baki, a kauce in hannun ɗaya ba mota, in akwai mota a tsaya a jira. Ko da shanyar ta ci titi, ko da kana ganin ba daidai ba ne a yi ta a nan, ba ranar ce za ka gyara ba kuma ba da tayarka ba.

Na biyar dabbobi. Akuya ba ta da alƙibla, in uwar tana wannan gefen ɗan yana wancan to ka tabbata ɗaya zai tsallaka a daidai lokacin da ka iso, saboda haka ka duba gefe biyun ba ita kaɗai ba. Tunkiya in ɗaya ta bi sauran duk za su bi. Kaza sai dai addu'a. Shanu su ne ake yi wa cikakken ladabi, in garke yana tsallakawa a tsaya nesa a sauke ƙafa a jira har na ƙarshe ya wuce, kada a kutsa ta tsakiya, kada a buga ƙararrawa ko a yi ihu, kada a shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta, a gaida makiyayin, in yaro ne ma a gaishe shi, in ya ɗaga sanda ya ce ku dakata to ku dakata shi ya san halin dabbarsa. Shanun huɗa da suke jan amalanke da jakai da raƙuma su ma suna razana da abin da ya zo musu ta baya shiru, in suka zabura kuma mai su ne zai sha wahala da kayansa. A Ingila tun 2022 dokar hanyarsu ta ce mai mota ya bar wa mai keke aƙalla mita ɗaya da rabi in zai wuce shi, in doki ne kuma ya sauko ƙasa da mil 10 a awa, kusan kilomita 16 kenan, ya bar mita 2. Mu da muke kukan direbobi ba sa ba mu wannan tazarar, ai sai mu fara ba wa jakin wani. Kare in ya biyo ka kada ka yi tsere da shi cikin mutane, ka rage gudu ka daka masa tsawa, in ya nace ka sauka ka sa keken tsakaninku har mai shi ya fito.

Na shida wajen hutu. A zaɓi gari ɗaya a mai da shi zango, a riƙa tsayawa wajen mai shayi ɗaya, a sayi ƙosai da ruwa da rake a nan maimakon a ɗauko komai daga birni, a san mai facin garin da sunansa ko da ba shi da bawul irin namu, wata rana shi zai samo maka mashin da zai kai ka gida. In mutane suka ga Asabar tana kawo musu ciniki su da kansu za su riƙa korar yara daga titi in sun hango ku. Kada a jingina keke a bangon masallaci ko a tare ƙofar shagon wani, kada a yi fitsari a jikin katangar gida ko cikin shuka, a tambaya a nuna maka wuri. Ledar fiya wata da ta biskit kowa ya mayar aljihun bayan rigarsa, don akuya tana cin leda kuma tana kashe ta, mai akuyar kuma ya san waɗanda suka yar. Da azumi in akwai wanda ba ya yi saboda wani dalili kada ya ɗaga gora a tsakiyar gari. Yara kuma za su kewaye ku dole, a bar su su kalla, a amsa tambayarsu, amma kada a riƙa watsa musu kuɗi ko alawa daga kan keke, mun taɓa yin wannan kuskuren, sati biyu kawai suka koyi rugowa tsakiyar titi da sun hango mu. In ana son yin alheri a ba malaminsu ko mai unguwa a hannu.

Na bakwai, in tsautsayi ya faɗa duk da haka. Abu na farko a tsaya, kowa da kowa, ko kaza ce. Gudu shi ne yake mai da ƙaramin abu babba, kuma ko kun tsere yau hanyar nan dai za ku sake bi, in ba ku ba wasu masu irin kayanku da ba su san hawa ba su san sauka ba. A janye kekuna daga titi, mutum ɗaya tak ya yi magana, wanda ya fi shekaru ko ya fi sanyin baki, sauran su yi shiru, musamman wanda abin ya faru da shi don jikinsa na rawa bakinsa ba zai yi daɗi ba. A fara da sannu da ban haƙuri kafin a shiga wa ke da laifi, kuma kada a yi Turanci a tsakaninku a gaban mutane, gani za su yi ana ƙulla musu wani abu. In mutum ne ya ji ciwo, musamman yaro, ba a ciniki a bakin titi, a nemi iyayensa ko wani babba a tafi asibiti mafi kusa tare da shi, ku biya kati da magani, in abin ya yi tsanani a kira 122 na hukumar kiyaye haɗurra ko 112, a kuma sanar da 'yan sanda. Wanda ya bugu a kai ko wuya kada a sunkuce shi a ɗora a mashin haka kawai. In dabba ce ko shanya sai a kira mai unguwa, shi ko wani dillalin garin ya yi ƙima, a biya a gabansa a yi musabaha, in dabbar tana numfashi kuma ba za ta tashi ba a bar mai ita ya yanka abinsa da wuri kada ta zama mushe. Wani lokacin za a tsuga kuɗi, akuyar da ba ta kai ba a ce ai ciki gare ta, kada ku yi zafi, ku ce ranka ya daɗe duk abinda ka yanke mun yarda, mai unguwa ya san farashi kuma ba zai so a ce garinsa ana cutar baƙi ba. Don irin wannan ranar muke tara ɗan asusu duk wata, kuma mai riƙe da shi yana fita da tsabar kuɗi don ba ko'ina tiransifa take tafiya ba. Bayan kwana biyu a koma dubiya, ko da an riga an biya komai. Kuma kada a ɗora labarin a guruf ana zagin garin.

In kuma ku aka yi wa laifi, an jefe ku ko wani ɗan acaɓa ya matse ku da gangan ko an gindaya itace, kada a bi yaro da gudu cikin lungu, kada a taɓa ɗan kowa. A lura da wurin da kamannin wanda ya yi, a wuce, tsakiyar mako a je wajen mai gari a faɗa masa cikin ladabi, sannan a tambaya ko akwai abinda muka yi, don sau da yawa akwai.

Su ma mutanen gari akwai nasu, kuma in an saba za a iya faɗa musu ba tare da an ji haushi ba. Mu abinda muka roƙa guda uku ne, a riƙa barin shanya a gefe ɗaya na titi maimakon biyun, kuma kada a tokare ta da manyan duwatsu a kan kwalta don su ne suke kayar da mutum ba hatsin ba, in za a yi sabon tudun rage gudu a shafa masa farar ƙasa ko a kafa alama, in akwai biki ko jana'iza ko maulidi da zai tare hanya ranar Asabar a yi mana filashin a daren Juma'a mu canza hanya. Na ukun shi ya fi aiki. Mai shayin zangonmu ne yake kira yanzu, wani lokacin ma don ya ce an zuba sabon yashi a kwanar bayan gada ko tirela ta lalace ta tare hannu ɗaya, wanda ya ɗauki kiran sai ya rubuta a guruf kafin a kwanta, da asuba a wajen haɗuwa a sake faɗa da baki saboda masu zuwa ba su duba waya ba.